Gyara Biyar na Marigayi Isaka

Sunaye talatin da huɗu, kwamfutoci takwas na aro, ɗaki ɗaya a saman wani kantin magani a unguwar Nima, da takardar shaidar da ta sa ofis ke ɗaukarmu ƙungiya tsayayya. Abin da ke kan tebur ke nan a wancan makon, kuma duka sun rataya ne a kan sa hannuna guda ɗaya a ƙasan rahoton shekara. Ranar Talatar da aka ajiye mini rahoton nan a gabana ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuke shirin karɓar wannan aiki daga hannuna, gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi a majalisar mai shayi, inda aka riga aka ƙara masa gishiri.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Alhaji Awudu. Sana'ata sayar da wayoyi da kwamfutoci na hannu a kasuwar Circle. Da faranti na fara, ina yawo da caja da murfin waya tsakanin motoci, har Allah ya ba ni shago mai ƙofar ƙarfe. Ban yi karatu mai nisa ba, amma shekara ashirin ina duba kayan da wani ya riga ya yi amfani da su, saboda haka ina ganin ba a cika yi mini rufa-rufa ba. Haka nake gani a lokacin.

Aikin da nake magana a kai kuwa ba na kuɗi ba ne. Akwai kundin sani na intanet wanda kowa ke iya shiga ya rubuta maƙala ko ya gyara ta wani, kyauta, kuma yana da sashen Hausa. Wani mai sayen kwamfuta ne ya nuna mini shi a shago. Na nemi Nima a ciki, na tarar da layi biyu, ɗaya ma ba daidai ba. Haushin wannan ne ya sa na tara mutane. Cikin shekara guda mun zama ƙungiya, ofishin yanki ya ba mu takardar shaida, ya ara mana kwamfutoci takwas, ya kama mana ɗaki, ni kuma aka naɗa ni mai kula.

Bari in tsara muku matakan don wanda bai sani ba. A ƙasa akwai masu gyara, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, wadda mu a nan muke ce wa mabuɗi. A samansu akwai mai kula da ƙungiya. A gefe guda akwai masu tsaron shafi, waɗanda ba ma ganinsu, suna garuruwa daban-daban, su ke da ikon rufe sunan duk wanda ya karya doka. Babbar dokarsu kuwa gajeriya ce: mutum ɗaya, suna ɗaya. Ba a aron suna, ba a gadonsa. Sai ofis, wanda ke turo mai awo sau ɗaya a shekara don a ga ko ƙungiya tana da lafiya. Awon guda huɗu ne. Mutum nawa suka yi gyara biyar ko fiye a kowane wata, su ake kira masu motsi. Cikin sababbin shiga, nawa suka rage bayan wata uku. Gyara nawa aka soke saboda kuskure. Sannan magana nawa mutane suka yi wa juna a shafin tattaunawa, wato bayan kowace maƙala inda ake jayayya a kan abin da aka rubuta. Idan masu motsi suka gaza goma, ofis na karɓe takarda da kaya.

Ni dai lamba ɗaya nake kallo, ta farko. Duk ƙarshen wata na'ura na turo mini ita a waya, in ga talatin da huɗu, in ce alhamdu lillahi, in mayar da waya aljihu. Zaman ƙungiya ranar Asabar ne, Asabar kuwa ita ce ranar ciniki a Circle. Tun bayan shekarar farko na miƙa makullin ɗakin ga Ticha Garba, tsohon malamina na firamare, dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda Hausarsa ta fi ta kowa tsabta a zango, wato unguwarmu ta Hausawa, domin iyayensa daga Sakkwato suka zo. Ban sake taka matakalar ɗakin ba.

Mai awo ta wannan shekarar Malama Rakiya ce, daga Tamale. Ta same ni a shago ranar Talata da hantsi, sati biyu bayan Babbar Sallah. Na sa aka kawo mata ruwa, ta zauna a kan bencin masu jira ta buɗe kwamfutarta.

"Alhaji, lambobinku sun fi na kowa kyau a yankin nan," in ji ta. "Shi ya sa na taso da kaina."

"Malama, kyau ma ya zama laifi?"

"Mutum talatin da huɗu, wata goma sha huɗu, babu wanda ya soke gyaran wani, babu wanda ya ce wa wani ka yi kuskure. A Nima fa. Jiya a turoturo, motar haya, na ga dattawa biyu sun kusa dambe a kan wa zai zauna bakin taga."

Na yi dariya na ce mu mutanen zango akwai ladabi.

"To ladabin ne ya sa talatin daga cikinsu suke yin gyara biyar cif kowane wata? Ba huɗu, ba shida?"

Sai ta juyo mini da kwamfutar ta ce in duba sunayen, ko zan gane wani abu da ita ba ta gane ba. Ku yarda da ni, wannan ne karo na farko da na ga jerin sunayen a cikin fiye da shekara. Na bi su da yatsa ina gyaɗa kai, wannan na san shi, wannan na san ta. A layi na goma sha tara yatsana ya tsaya. Isaka Direba. Gyaran ƙarshe: jiya Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Isaka direban babbar mota ne mai zuwa arewa daga tashar Tudu. Wata bakwai kafin wannan rana ni na riƙe ƙafar makararsa ta dama. Da hannuna na zuba ƙasa.

Ciniki ya koya mini riƙe fuska. Mutum zai kawo maka waya ka ga abin da ke cikinta ya fi abin da yake tsammani, ko ya gaza, fuskarka ba za ta nuna ba. Da wannan na tsira a gaban Malama Rakiya. Amma wani da ya zo sayen caja na miƙa masa batir har sau biyu. Ita ba ta san Isaka ba, ba ta san ya rasu ba. Abin da ta gani shirun ƙungiyar ne kawai da ya yi yawa.

"Zan bincika," na ce.

"Juma'a bayan masallaci zan wuce Tamale. Ga takardar. Lambar na'ura tana sama, sa hannunka a ƙasa. Idan ka tabbatar da ita, ni ba ni da hujjar ƙin karɓa."

Washegari Laraba ban buɗe shago ba. Ranar kasuwar Nima ce, na ratsa tsakanin buhunan albasa da masu dako har na kai kantin maganin, na hau matakala wajen ƙarfe goma. Ƙofar a buɗe take, fanka na juyawa. Kwamfutoci takwas a jere a kan tebura biyu, duka a kunne. Kujeru goma sha biyu. Mutum ɗaya.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo bai gan ni ba. Ticha Garba na zaune gaban kwamfuta ta uku, tabarau a karan hanci, yana buga haruffa da yatsa biyu. Ya gama, ya ɗauki wani littafin makaranta mai bangon ja ya yi alama da biro, ya tashi da ƙyar yana dafa tebur, ya koma kujera ta huɗu. Ya leƙa littafin, ya shigar da wani suna, ya ci gaba. Na ga ya yi haka sau biyu kafin na iya yin sallama.

"Awudu," ya ce, domin shi bai taɓa ce mini Alhaji ba. "Yau babu kasuwa ne?"

"Ticha, ina mutane?"

"Suna nan," ya ce, ya nuna kwamfutocin da haɓa. Babu alamar kunya ko tsoro a fuskarsa, kamar mai nuna maka awakin da aka ba shi kiwo.

Na ja kujera na zauna. Na ce ya ba ni littafin. Kowane shafi da sunan mutum a sama, mabuɗinsa a ƙasa, sai layuka na watanni, kowane wata da alama biyar. A gefen kowane suna ya rubuta abin da mutumin ya sani: wannan ɗinki, wannan ƙwallo, wannan magungunan gargajiya, wannan tarihin masallatai. A ƙarƙashin sunan mutum, a kan fanninsa yake rubutu. Kowace kwamfuta ya ware mata nata sunayen don kada ya rikice.

"Ticha, ka san wannan ya karya doka?"

"Wace doka? Na saci sunan wani ne? Su suka kawo mini da hannunsu. Wannan ya ce zai yi tafiya, wannan ta ce ta haihu, wannan ya ce aiki ya yi masa yawa, Ticha riƙe mini." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Uwata goro take sayarwa a kasuwar nan ta ƙasa. Idan maƙwabciyarta ta haihu, ko ta tafi arewa gaisuwar mutuwa, sai uwata ta ɗebi goronta ta shimfiɗa a teburin waccan, don kada a wayi gari wani ya kafa nasa. Wata uku, wata shida, tana riƙe. Ranar da mai tebur ta dawo ta tarar da wajenta. Kai ɗan kasuwa ne, ni zan koya maka wannan? Na ji an ce wanda bai yi biyar ba a wata ana cire shi daga lissafi. To na shimfiɗa musu biyar-biyar."

Na buɗe shafi na goma sha tara na ajiye a gabansa.

"Isaka zai dawo, Ticha?"

Ya dubi shafin.

"Na je duba shi yana kwance," ya ce a hankali. "Ya fara maƙala a kan garuruwan da mota ke tsayawa daga nan zuwa Bawku, ya kai rabi. Ya kama hannuna ya ce, Ticha, ga mabuɗi, ka kai mini motar nan tasha. Na kai ta. Da na gama sai na ga idan na bari, wata mai zuwa sunansa zai fita daga lissafi. Na kasa. Na ce ko ba komai wani zai karanta, lada ya je masa."

Sai na yi abin da na saba, na nemi ainihin kaya.

"Cikin talatin da huɗun nan, nawa ne suke rubutu da hannunsu?"

"Huɗu. Ni, da ladanin masallacin Mamobi na bayan kwata, da 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya masu karatun jinya. Su ukun daga wayarsu suke yi, ba sa zuwa nan."

"Da ni biyar ke nan."

Ya miƙo hannu ya juya littafin zuwa shafin farko. Sunana ne a sama, da mabuɗina, da alama biyar-biyar na wata goma sha huɗu. A gefe ya rubuta: wayoyi da kasuwanci.

"Kai ka fara kawowa, Awudu. Ranar da kayan shago suka iso maka, ka tsaya a ƙofar can ko zama ba ka yi ba, ka ce Ticha ga mabuɗina, ka kula kada lambar nan ta sauka. Da sauran suka ga mai kula ya yi haka, suka ga hanya ce."

Na tuna ranar. Na tuna har rigar da ke jikina. Wata goma sha huɗu ina kallon talatin da huɗu ina godiya ga Allah, ban taɓa tambayar kaina yaushe rabona da rubuta harafi ɗaya ba, alhali ina cikin lissafin.

Ba zan ɓoye muku ba, tunanina na farko na ɗan kasuwa ne. Ina da kwana biyu. Idan na bi mutanen nan gida-gida, kowa ya karɓi mabuɗinsa ya yi gyara da hannunsa kafin Juma'a, to talatin da huɗu ta zama gaskiya, ko ta kusa, in sa hannu ba tare da na yi ƙarya mai yawa ba. Na kwafe sunayen na sauka.

Na fara da Anti Memuna mai ɗinki, domin shagonta na kusa, kuma a shekarar farko ba ta taɓa fashin Asabar ba. Na same ta da tsinken allura a baki tana auna wata mata.

"Alhaji, yau wace rana? Ko waya ta faɗi kasuwa ka koma ɗinki?"

Na ce mata na zo ne a kan kundin. Ta ce ai ita ta bar wannan tun bara. Na buɗe wayata na nuna mata sunanta, da maƙalar da ta gyara makon jiya. Ta cire tsinken daga baki.

"Ni? Makon jiya ina Kumasi wajen suna fa." Ta karɓi wayar ta kusantar da ita ga ido, tana karantawa leɓɓanta na motsi. Can ta ɗago. "Wa ya rubuta cewa yadi biyu na isa rigar kaba da siket na babbar mace? Yadi biyu? Ya ɗinka wa kaza ne? Kuma da sunana a kai, duk duniya na gani?"

Matar da ake aunawa ta fashe da dariya. Na ce Ticha ne, kuma ita ta ba shi mabuɗin.

"Na ba shi ya ajiye, ban ba shi ya yi ɗinki ba." Ta zauna a kan kujerar keke. "Ka san me ya sa na bari, Alhaji? Kai ba ka zuwa, ba ka sani ba. In zauna awa biyu in rubuta abu, washegari in buɗe, Ticha ya gyara. Ba kuskure ɗaya ko biyu ba, duka. Kalmata ko ɗaya ba ta rage. Na ce masa Ticha, mu a zango haka muke faɗa, ya ce wannan ba Hausa ba ce. To idan shi zai rubuta, me ya kai ni barin keke? Dattijo ne, ya koyar da mijina, zan tsaya gardama da shi? Na miƙa masa mabuɗi na ce aiki ya yi yawa."

Wannan magana na sake jin ta a gida shida kafin yammacin Alhamis, da baki daban-daban. Babu wanda ya taɓa gaya wa Ticha. Kowa ya kawo masa uzuri mai ladabi, haihuwa, tafiya, aiki, shi kuma ya karɓi uzurin a kan gaskiya yana jiran su dawo. Sauran kuwa, huɗu sun bar ƙasar neman aiki, wasu sun koma Kasoa da Ashaiman, biyu ba su ma tuna sun taɓa yin rajista ba. Wani makaniki ya ce zai yi mini gyara biyar ɗin nan take idan zan rage masa kuɗin gilashin waya. Da na ji kaina ina shirin amsa masa, na san dabarar tawa ta mutu. Cikin talatin, mutum biyar kawai suka ce suna son mabuɗinsu, Anti Memuna a gaba, ita ma don ta cire yadi biyun nan ne.

Alhamis bayan La'asar na koma wajen Ticha. Na gaya masa abin da zan rubuta a takardar. Abin da Anti Memuna ta faɗa ma na gaya masa, ban rage ba, domin na ga ɓoye-ɓoyen ladabi ne ya kawo mu nan. Ya saurara bai katse ni ba. Wannan ya fi maganar doka taɓa shi, na ga haka a yadda ya riƙe gefen tebur.

"Ni na kore su ke nan," ya ce.

"Ni da kai, Ticha. Kai kana nan da yawa, ni ba na nan ko kaɗan."

"Abin da aka rubuta, za su goge?"

"Doka ta ce rubutu mai kyau ba a goge shi. Sunaye za a rufe."

"To da sauƙi."

"Har da naka, Ticha."

Ya rufe littafin ja ya tura mini, ya ɗora makullin ɗaki a kai, ya tashi ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya yana kashewa. Na ce bari in taya shi, ya ɗaga mini hannu.

Juma'a bayan masallaci Malama Rakiya ta same ni a ɗakin, jakarta ta tafiya a hannu. Na ja layi a kan talatin da huɗu na rubuta huɗu, na sa hannu. A bayan takardar na jera sunaye talatin da hannu ɗaya ya riƙe, nawa a farko. Ta karanta a tsaye. Da ta kai inda na rubuta marigayi a gaban sunan Isaka, ta ajiye jakar ta zauna.

"Inna lillahi. Ranar Talata ka gani ke nan, ka yi shiru."

"Na gani."

"Na zaci mutane ne ke cika biyar don a ƙirga su. Wannan ban kawo shi ba." Ta dube ni. "Alhaji, ka san abin da zai biyo baya? Dole in kai wa masu tsaron shafi. Da ka sa hannu a kan ta farko, da na wuce."

"Malama, da kin wuce, da baɗi wani ya zo ya tarar da mamaci ya kusa shekara biyu yana rubutu. A shagona, in waya tana da aibi ni nake fara faɗa. Wanda ya gano da kansa ba ya dawowa."

Na roƙe ta ta rubuta musu cewa Ticha bai yi don riba ba, bai ɓata maƙala ko ɗaya da gangan ba, kuma ni na buɗe masa ƙofar. Ta rubuta, shafi biyu, har da bayanin riƙon tebur a kasuwa. Bayan kwana goma amsa ta zo. Sun rufe sunaye talatin da ɗaya. Duk mai suna da ya tabbatar shi ne, za a buɗe masa ya sa sabon mabuɗi. Na Isaka an rufe shi har abada, aka sa alamar rasuwa a shafinsa. Na Ticha kuwa za a buɗe ne idan ya rubuta da kansa cewa ya yaudari jama'a kuma ba zai sake ba.

Na kai masa saƙon a ƙofar gidansa, na ce ni zan rubuta masa, shi ya sa hannu kawai.

"Ba zan sake ba, wannan zan iya rubutawa," ya ce. "Na yi kuskure, shi ma zan iya. Amma yaudara? Amana aka ba ni, Awudu. Ba zan sa hannu a kan cewa uwata mayaudariya ce ba."

Na je sau uku. Ladan ya je. Anti Memuna da kanta ta je da kwanon tuwo. Bai sa hannu ba har yau.

Abin da na koya, ga shi, ku yi yadda kuka ga dama da shi. Lambar da na'ura ke turowa ba ƙarya take yi ba, abin da aka tambaye ta take amsawa. An tambaye ta suna nawa ne suka motsa, ta faɗa. Ba a tambaye ta mutum nawa ba. Wannan sai ƙafa. Mai kula da bai san wa ya zo Asabar ba, wa ya daina zuwa, da abin da ya hana shi, ba mai kula ba ne, mai karanta saƙon waya ne. Mutanenmu kuma ba sa cewa na bari. Suna cewa riƙe mini, zan dawo. Duk wanda ya ce muku haka, kada ku karɓi mabuɗinsa. Ku bi shi gida ku zauna har ya faɗi abin da ke ransa. Sannan mai ilimin da ya fi kowa a ɗaki, ku sa masa ido fiye da mai ɓarna, domin mai ɓarna ana iya gaya masa.

Ga lissafin ƙarshe. Takardar shaida ta tafi. Ɗakin ya tafi, yanzu wani mai gyaran gashi ne a ciki. Kwamfutoci shida sun koma ofis, biyu Malama Rakiya ta yi mana ƙoƙari aka bar mana. Masu rubutu da hannunsu yau mu tara ne, saura ɗaya mu kai goma, kuma kowanne na san ƙofar gidansa. Muna zama a barandar gidana a Mamobi, shagona na Circle yana rufe daga azahar kowace Asabar, maƙwabtana na can suna ce mini na haukace. Wannan duk mai sauƙi ne.

Mai nauyin shi ne Ticha. Mutumin da ya rubuta Hausa a kundin nan fiye da mu duka a haɗe, yau ba shi da suna a ciki. Da safe yana zama a bencin ƙofar masallaci. In na wuce na gaishe shi, yana amsawa, yana tambayar iyali, ba ya tambayar aiki. Idan aka mayar da ni wannan Juma'ar, huɗu zan sake rubutawa. Amma kada wani ya gaya muku mun ci riba. Mun sami mutum tara na gaske, mun biya da Ticha Garba, kuma a cinikin nan ni ne ya kamata in biya.